Shanun da Ba Su Mutu a Takarda Ba

Ranar Juma'a yake wucewa. Da an sauko daga masallaci, kafin la'asar, sai Hammajoda ya ɓullo ta bakin layinmu a unguwar Jahun cikin garin Bauchi, sandarsa a gicciye kan kafaɗu, hannuwansa biyu rataye a jikinta. Dogon Bafulatani ne da ya manyanta, rigarsa kullum a wanke. Ba ya roƙon kowa, ba ya zagin kowa. Shanu kawai yake korawa, alhali babu ko saniya ɗaya a gabansa. Yakan kira su da sunayensu, ya yi musu fito, ya tsawata wa wadda ta kauce hanya.

Mutanen unguwa sun saba da shi. Mai ƙosan da ke gindin ɗorawa takan ɗaga murya ta ce, "Hamma, ka ja wa wannan baƙar kunne, wancan makon ta kifar mini da ƙullu." Shi kuwa sai ya tsaya ya ba ta haƙuri tsakaninsa da Allah, a yi ta dariya.

Ni ban taɓa yin dariyar ba. Ina zaune a ƙofar zaure ina ɗinkin hula, idan ya matso sai in ga na naɗe ƙafafuna, na janye tabarma don kada a taka. Wani lokacin har warin garke nake ji, da ɗumin numfashi a gefen fuskata. Idan ya iso daidai inda nake sai ya tsaya.

"Malam Zailani, ƙirga."

"Sittin da uku," in ji ni.

"Madalla." Sai ya wuce.

Kafin in koma ɗinkin hula, malamin jangali ne ni. Aji huɗu na yi a elementare, aka ga rubutuna yana da kyau, sai aka ɗauke ni a ofishin wata gunduma da ke arewa da gari. Da damina nakan hau keke in isa ruga da sassafe kafin a saki shanu, in ƙirga, in rubuta a littafi, kowane kai a biya masa sule biyu. Babban akawunmu Malam Sabitu, Allah ya jiƙansa, tun ranar farko ya koya mini doka ɗaya: lambar bana ba ta gaza ta bara. Idan ta gaza, Di'o, Baturen mulki, zai zo ya kafa tanti ya yi mako yana tambayoyi, hakimi ya ji kunya, a ƙarshe kuma akawu ne zai tafi gida.

A shekarun yaƙin Bama ciwon bushiya mai kashe shanu ya shiga gundumar. Na je rugar Hammajoda, wanda bara na rubuta masa sittin da uku, na tarar da tara a tsaye. Sauran suna kwance a bayan mashekari, inda garken ke kwana, ungulaye sun ci sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ya kama hannuna yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan kowace da sunan uwarta. Na rubuta tara da fensir. Haka na yi ta gani a ruga bayan ruga har na dawo.

Malam Sabitu ya buɗe littafin, ya daɗe yana dubawa. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini magogi da alƙalamin tawada, ya ce, "An ce yaronka ya sami shiga makarantar Midil. Allah ya raya." Na ce amin. Na zauna na goge tara na rubuta sittin da uku. Da shekara ta zagayo na rubuta sittin da shida, tunda shanu suna haihuwa.

Fulani da yawa sun tashi sun bar ƙasar. Shanunsu suka zauna a littafi, aka raba nauyinsu a kan waɗanda suka rage. Hammajoda bai iya tashi ba, yana da tsohuwa makauniya da ba ta iya tafiya. Cikin shekara uku ya sayar da taran nan ɗaya bayan ɗaya yana biya wa matattu jangali. Shi a sittin da uku ya tsaya. Ni ne na ci gaba da haifa masa maruƙa a takarda har na bar aiki.

Yaron da ya shiga Midil ɗin shi ne Abdulsalam, na uku a 'ya'yana, shi kaɗai ne namijin da ya rayu. Daga Midil ya tafi kwaleji a Zariya, daga can aka kai shi Ingila ya karanta abin da ake kira tattalin arziki. Da ya dawo na tambaye shi ma'anar karatun. Ya ce, "Baba, gwamnati kamar maigida ce mai rumbu. Kafin ta yi alkawarin abin da za ta fitar, sai wani ya leƙa ya gaya mata abin da zai shigo. Ni ne mai leƙawar." Aka ba shi aiki a Kaduna wajen masu tsara kasafin kuɗi, ƙarƙashin wani Bature da zai koma gida idan an sami 'yancin kai. Mutum biyu ake dubawa a ba ɗaya kujerarsa, Abdulsalam yana ciki.

Cikin watan Agusta na 1960 aka turo shi Bauchi, aka sauke shi a wani gida a bariki, unguwar Turawa. Aikinsa shi ne ya gano yawan shanun da ke lardin, ya faɗi abin da jangali zai kawo cikin shekara biyar masu zuwa, don a kan wannan za a tsara makarantu da rijiyoyi da ɗakunan shan magani. Wannan rahoton ne kuma za a duba a zaɓi mai kujerar.

Wata Laraba da hantsi ya zo gida. Ya ajiye motar ofis a bakin layi saboda taɓo, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaishe ni. Uwarsa ta leƙo ta ga ɗaurin da ke wuyansa.

"Har yanzu ba su kwance maka igiyar nan ba? Ni na ɗauka 'yancin kan da ake ta faɗa ke nan."

"Inna, sai ɗaya ga Oktoba."

"To Allah ya kai mu, kada ka shaƙe kafin nan. Za ka ci tuwo da hannu ko sai na nemo cokali?"

Ya yi dariya. Na lura yana ɗauke da wata murna da yake so ya sauke. Da ta koma ciki sai ya matso.

"Baba, na gan ka a baitulmali."

"Ni? Na fi shekara ban taka can ba."

"Rubutunka na gani. Littafi goma sha ɗaya. Tun daga bakin ƙofa na gane yadda kake lanƙwasa bakwai."

Allurar da ke hannuna ta tsaya. Ya ci gaba da bayani. Littattafan sauran gundumomi wasu gara ta cinye, wasu ruwa ya taɓa, wasu lambobinsu suna hawa suna sauka ba kan gado. Namu ne kaɗai cikakke, babu shekarar da ta ɓata, babu ɗigon tawada a inda bai dace ba. Saboda haka ya mai da gundumarmu ma'auni. Inda littafi ya ɓata, da lambobinmu ya cike. Inda lambar wata gunduma ta faɗi, ya ɗauka ɓoye shanu aka yi, ya ba da shawara a ƙara abin da ake nema daga can.

"Abin da ya fi burge ni," in ji shi, "ko shekarar da ake cewa bushiya ta yi ɓarna, ku ba ku ragu ba. Ashe tsoron ya fi ɓarnar yawa. Na rubuta haka."

"Ka rubuta?"

"Ana bugawa yanzu. Litinin zai bi motar wasiƙu zuwa Jos. Na sa sunanka a shafin godiya, Baba. Malam Zailani, tsohon malamin jangali. Za a karanta shi a Kaduna."

Na ce Allah ya yi albarka.

Ranar ban ci abinci ba. Washegari na zauna da hula a hannu tun safe har azahar, da na duba sai na ga na ɗinke bakinta da tsakiyarta wuri ɗaya. Na yi ta lissafi a zuci. Malam Sabitu ya rasu. Hakimin lokacin ya rasu. Babu mai rai da ya san abin da ke cikin littattafan nan sai ni, sai wani mutum da gari ya ɗauka mahaukaci ne. Idan na yi shiru, yaron zai sami kujerarsa. Amma na san yadda aikin yake. Lamba idan ta fito daga sama, sai an cika ta a ƙasa. Za a tura wasu samari da keke da littafi su nemo shanun da suka ruɓe tun ina da baƙin gemu, kuma za su same su, a jikin waɗanda ba za su iya gudu ba. Ranar da abin ya tonu kuwa, sunan Abdulsalam ne a ƙasan takardar.

Sai kuma in tuna yadda ya ce "na gane yadda kake lanƙwasa bakwai". Tun yana ƙarami yake gaya wa abokansa cewa babansa bai taɓa kuskuren lissafi ba.

Uwarsa ta same ni a haka. "Malam, lafiya? Tun jiya kake kallon bango kamar ana karanta maka shi."

"Zazzaɓi ne."

"Zazzaɓin da ba ya ɗumama jiki? To."

Juma'a ta zo. An yi ruwa da safe, layin ya yi laushi. Na ji fiton Hammajoda tun daga nesa. Mai ƙosai ta yi masa wasanta, yara suka bi shi kaɗan suka koma. Na naɗe ƙafa, na janye tabarma. A ranar sai na ga kamar sun fi kullum daɗewa suna wucewa, ƙaho yana gogar ƙaho, wata har ta tsaya tana shinshina bakin zaure. Na dubi taɓon da ke gabana, babu sawun komai sai na takalmin fatarsa.

"Malam Zailani, ƙirga."

Na sunkuyar da kai kan hular da ke hannuna. Ya jira. Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya sake cewa, "Ƙirga mana, rana tana yi." Na faɗa masa lambar. Ya gode ya tafi.

Asabar rabin rana ake aiki. Na sa babbar rigata na kama hanyar bariki da ƙafa. Tun da nake ban taɓa shiga unguwar nan ba sai da saƙo a hannu, in tsaya a bayan gida a karɓa. Hanyoyin a share, itatuwan a jere, gidajen nesa da juna kamar masu gaba. An ware wa Abdulsalam ɗaki biyu a wani dogon ofis mai baranda. A na farko wata budurwa tana buga tafireta, Christiana sunanta, 'yar wajen Bogoro. Da na faɗi ko ni wane ne sai ta miƙe tana dariya.

"Kai ne Baba Zailani! Ai na san sunanka kafin na san fuskarka. Sau uku na buga shi. Na farko na manta da harafi ɗaya, maigida ya ce a yaga shafin. Na biyu tawada ta yi yawa. Na ce masa, wannan Baba ko Razdan ba a wahala a kan sunansa haka."

"Sannu da aiki, 'yata."

"Saura shafi shida, Baba. In Allah ya yarda yau zan huta da shanu. Ko a coci na rufe ido shanu nake gani."

Abdulsalam ya ji muryata ya fito da sauri. Ya rasa inda zai durƙusa saboda takardu, ya ja mini kujerarsa. Littattafan suna kan tebur a jere, goma sha ɗaya, da jan ƙyallen da na manna wa kowanne a baya da hannuna.

"Baba, da ka aiko ai sai in zo da mota."

"Rufe ƙofar."

Ya rufe. Na ce ya ɗauko na huɗu, ya buɗe inda aka rubuta rugagen Ardo na gabas. Ya buɗe. Na ce ya ɗaga shafin shi kaɗai, ya kai shi jikin taga, ya bar rana ta bi ta bayansa.

Ya yi yadda na ce. Takarda ce mai kauri, haske ba ya ratsa ta. Amma a layin da ake rubuta adadi, daga sama har ƙasa, akwai wurare da suka yi fari-fari, inda magogi ya ci takardar. Rana ta shigo ta cikinsu kamar ta ɓulin rufin ɗaki. A ƙarƙashin kowace lambar tawada ana iya ganin sawun fensir.

"Karanta na bakwai daga sama," na ce.

"Hammajoda. Sittin da uku."

"Ƙarƙashinta fa?"

Ya matsar da idonsa. "Tara."

Na gaya masa duka, ban rage ba. Ungulaye, da magogi, da addu'ar da Malam Sabitu ya yi masa, da mutanen da suka tashi, da mutumin da yake gani yana wucewa ta ƙofar gidanmu tun yana zuwa hutu daga Zariya. Yana tsaye yana ɗaga shafi bayan shafi, ya gama na huɗu ya ɗauki na biyar. A na biyar babu gugar magogi ko ɗaya. Ya juyo yana tambayata da ido.

"Daga nan ban ƙara ɗaukar fensir ba," na ce. "A ofis nake cikawa."

"Kai nawa ne babu su?"

"Ban ƙirga ba."

"Ba ka ƙirga ba." Ya ajiye littafin. "Ai ƙirga ne aikinka, Baba."

Sai ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai, ya ce in yafe masa. Na ce babu komai. Daga ɗayan ɗakin tafireta tana ta bugawa. Ya zauna a bakin tebur, ya sassauta ɗaurin wuyansa.

"Babu wanda zai kai shafin nan jikin taga a Kaduna," ya ce, kamar ba da ni yake ba. "Idan na aika shi yadda yake, sai an yi shekara uku ko huɗu kafin a ga kuɗin ba ya shigowa. Kafin nan an haƙa harsashi, an yi wa garuruwa alkawari. Sai a ce masu karɓa ne suke sakaci, a matsa musu."

Ba ni da bakin ba shi shawara a kan takarda.

Ya tashi ya buɗe ƙofa. "Christiana, tsaya haka nan."

"Saura huɗu, ranka ya daɗe."

"Na sani. Tsaya."

Kwana tara muka yi a ɗakin nan. Kullum da safe motar ofis takan ɗauko ni. Shi yana kiran sunan ruga da shekara, ni ina faɗin abin da na gani da idona, ko in ce wannan ya tashi tun kafin damina, ko in ce wannan ban taɓa zuwa ba. Na ɗauka na manta. Ashe duk suna nan, har da launin bijimin da ya kore ni a wani rafi. Ba ya ce mini komai sai "na gaba". Da azahar mu yi salla a baranda, ni a gaba shi a baya, mu koma. Motar wasiƙu ta tafi ranar Litinin, ta sake tafiya wata Litinin ɗin. Sau biyu ana bugo waya daga Kaduna ana tambaya.

Da muka gama, kusan kashi ɗaya cikin uku na shanun gundumar ya fita. Tunda da ita ya auna sauran, lardin gaba ɗaya ya ragu. Ya rubuta cewa ba za a dogara da tsofaffin littattafai ba sai an sake ƙirga a ido, ya cire shawarar ƙara wa kowa nauyi, ya rage abin da za a yi alkawari. Makarantu huɗu da rijiyoyi da dama suka faɗi daga tsarin. Christiana ta sake buga komai, ba ta ƙara yi mini wasa ba. Na ga shafin godiyar a kan teburinta kafin a ɗinke. An rubuta, "wani tsohon malamin jangali". Har yau ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi, ko kuwa ya kasa sa sunan ne kusa da nasa.

Rahoton ya isa a makare, kuma ya kai labarin da ba a so ji ba ana saura kwanaki a yi biki. Ranar ɗaya ga Oktoba yaran makaranta suka wuce ta layinmu da ƙananan tutoci suna waƙa. Bayan mako biyu muka ji an ba ɗayan kujerar Baturen. Abdulsalam aka kai shi wani sashe da ke tattara alƙaluma, ɗaki mai taga ɗaya a bayan ginin, in ji wani direba da ya san wurin. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Wasiƙarsa tana zuwa kowane wata, da gaisuwa cikakkiya da abin cefane.

Da ƙaramar salla ya zo gida. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa kamar yadda ya saba. Bayan mun ci abinci sai ya fito da wata takarda daga aljihu. Ya ce sabuwar gwamnati tana so kowane ma'aikaci ya cike shekarar haihuwarsa daidai, saboda fansho, shi kuma abin da ke takardar makaranta ƙiyasi ne kawai.

"Wannan ai mai sauƙi ne," na ce. Na ji daɗi da ya tambaye ni. "1933, watan Maris, ranar Talata da hantsi. Ni na rubuta da hannuna a bangon littafina."

"To, Baba. Na gode."

Ya riƙe alƙalamin, bai rubuta ba. Muka taɓa hirar ruwan bara da tsadar gero. Can ya ce bari ya shiga ya gaida Inna sosai. Zauren da ɗakinta bango ɗaya ne ya raba, kuma bangon bai kai rufi ba. Na ji ta tana masa tsiyar ramewa, yana dariya. Sai ya rage murya.

"Inna, shekarar da aka haife ni, me aka yi a gari? Kina iya tunawa?"

Ta fara ba shi labarin farin ɗangon da suka sauka a gonar kawunta, da wadda ta yi mata wankan jego. Na ji ƙarar takarda ana buɗewa a kan gwiwa. Na ɗauki hulata na nemi inda na tsaya.